Neman Takalmin Da Babu Alhaki A Kansa



A watan Nuwamba na shekarar 1944, wani malamin koyar da aikin katako a Ingila mai suna Donald Watson ya haɗu da wasu abokansa kaɗan, suka kafa ƙungiyar mutanen da suka laƙaba wa kansu suna "bigan". Waɗannan mutane sun ɗauki alkawarin ƙaurace wa duk abin da aka samo daga jikin dabba: nama da kifi, madara da ƙwai da zuma, har da fata da ulu da siliki. Dalilinsu shi ne ba sa son a wahalar da wata halitta ko a kashe ta saboda jin daɗinsu. A yau akwai su da yawa a Turai da Amurka, wasu daga cikinsu Kirista ne masu zuwa Misa, kuma 'ya'yanmu da suke karatu ko aiki a can suna cuɗanya da su.

Mai yiwuwa wani ya ce wannan damuwar waɗanda suka ƙoshi ce, ina ruwanmu? Da ruwanmu, ta fuska biyu. Ta farko, ƙasarmu ƙasar fata ce. Tun zamanin ayarin raƙuma fatar jar akuyar Sakkwato take ƙetare Sahara, har Turawa suka sa mata sunan Maroko domin ta can take isa gare su. Har yau kuma fatun da aka jeme a Kano suna zuwa masana'antun takalma na ƙasashen waje. Ta biyu, tambayar da take damun waɗannan mutane tamu ce mu duka: yaya mai lamiri zai yi idan ya duba duk zaɓin da yake gabansa, ya ga babu wanda ya kuɓuta daga aibi?

Sha'anin abinci yana zo musu da sauƙi, gama wake da gyaɗa da ganye suna maye gurbin nama. A wurin sayen takalmi ne wuya take. Takalmi ɗaya yana da sama, da shafi na ciki, da tafi, da gam ɗin da ya haɗa su. Wata dokar Tarayyar Turai ta 1994 ta wajabta wa masu sayarwa su manna alama da za ta nuna abin da aka yi sama da shafi da tafi da shi, amma ba ta ce kome a kan gam ba. A da ana dafa fata da ƙashi ne a samu gam. Yanzu yawancinsa na sinadari ne, sai dai mai saye ba zai iya tantancewa da ido ba.

A ce ya samu wanda babu fata ko kaɗan a jikinsa. Galibi irin wannan fatar roba ce, wadda ake sarrafawa daga man fetur. Mun san ta a kasuwanninmu: tana ƙyalli ranar saye, kafin a jima ta soma saɓulewa, baduku kuma ba ya iya ceton ta. Idan aka yar da ita ba ta ruɓewa, idan aka ƙone ta hayaƙinta yana cutarwa. Masu bincike sun fito da wasu sababbi, kamar Piñatex da ake yi da zaren ganyen abarba na ƙasar Filifin, da wata da aka fitar a Meziko a 2019 daga wani tsiron hamada mai ƙaya. Amma su ma ana haɗa su da roba domin su yi ƙarko, ga kuma tsada. Bayan haka akwai maganar wanda ya ɗinka takalmin, da ladan da aka ba shi, da awa nawa ya yi a tsaye. Mutum ya yi gudun gara, ya faɗa gidan zago.

Kada kuma mu masu sa fata mu yi saurin cewa mun tsira. Gaskiya ne saniya da akuya don nama ake yanka su, fata biyo baya take yi. Amma kuɗin fata yana cikin ribar yankan, kuma kada da mesa sau da yawa don fatarsu kaɗai ake kashe su. Kakanninmu da bagaruwa suke jima. Yau mafi yawan fatun duniya da sinadarin kuromiyam ake jeme su, kuma mazauna kusa da masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai a Kano sun daɗe suna kuka da ruwan dattin da yake malalowa daga unguwannin masana'antu zuwa rafuka da gonaki. Ashe kowane takalmi yana da wanda ya biya wani ɓangare na farashinsa ba tare da an shawarce shi ba: dabba, ko kogi, ko ma'aikaci.

Me Ikilisiya ta koyar? Da farko, sa takalmin fata ba zunubi ba ne. Littafin Farawa ya nuna mana Allah da kansa yana suturta Adamu da Hawwa'u da fata (3:21). Yohanna Mai Baftisma ɗamarar fata yake ɗaurawa (Markus 1:6). Bitrus ya yi kwanaki a Yafa a gidan Siman majemi, a nan ne ma ya ga wahayin da ya koya masa kada ya ƙyamaci abin da Allah ya tsarkake (Ayyukan Manzanni 9:43 da sura ta 10). Katikizim na Ikilisiyar Katolika, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992, ya halatta amfani da dabbobi don abinci da sutura (lamba 2417). Saboda haka majemi da baduku da mahauci sana'ar halal suke yi, babu wanda zai sa su sunkuyar da kai a cikin coci.

Amma wannan Katikizim ɗin, a lamba 2416 da 2418, ya ce dabbobi halittun Allah ne da suka cancanci kyautatawa daga gare mu, kuma wahalar da su ko kashe su ba gaira ba dalili yana zubar da mutuncin ɗan Adam. Littafin Karin Magana ya sa kula da dabba cikin alamomin adali (12:10). Paparoma Benedikt na Sha Shida ya tuna mana a 2009 cewa saye da sayarwa sha'ani ne na lamiri, marigayi Paparoma Fransis kuma ya ƙara jaddada haka a wasiƙarsa ta Laudato Si' a 2015. Don haka wanda ya bar fata saboda tausayin halitta bai kamata a yi masa dariya ba. Ƙaurace wa abin halal saboda wani alheri tsohuwar hanya ce a cikin Ikilisiya: sufayen Kartusiya ba sa cin nama, Waliyyiya Teresa ta Abila kuma ta sa 'yan'uwanta mata takalman igiya don su rungumi talauci. Abin da Ikilisiya ta ƙi shi ne a ce halittar Allah ƙazanta ce (1 Timoti 4:3-4), ko a mai da abin da mutum ya ɗora wa kansa doka a kan kowa. Manzo Bulus ya riga ya raba wannan gardama a Romawa sura ta 14, inda ya hana mai ci raina mai cin ganye, ya kuma hana mai cin ganye hukunta mai ci.

To, bari mu tsaya kusa da wannan ɗan'uwa da ya ɗauki alkawari da zuciya ɗaya, mu ga inda yake cijewa. Yana da takalmin fata mai kyau da ya saya tun kafin ya ɗauki alkawarin: ya yar da shi? Ya samu aiki a wurin gini, an ce dole ya sa takalmin kariya, wanda ake bayarwa kuwa na fata ne: ya bar aikin, ga iyali? Ciwon sukari ya taɓa ƙafarsa, likita ya rubuta masa takalmi na musamman mai shafin fata: ya ƙi? Kuɗinsa bai kai na ganyen abarba ba, ga na gwanjo na fata da zai yi shekaru, ga na roba da zai lalace kafin damina ta fita: wanne zai ɗauka? Ba wasa ba ne a gare shi, gama Bulus ya ce wanda ya aikata abu alhali zuciyarsa tana hana shi ya yi laifi (Romawa 14:23), Katikizim kuma ya wajabta bin tabbataccen hukuncin lamiri (lamba 1790).

Malaman tauhidi sun bar mana ma'auni don irin wannan hali, musamman Waliyyi Alfonsus Liguori, wanda ya rasu a 1787, wanda kuma shi kansa ya sha fama da waswasi. Sun bambanta tsakanin wanda ya sa hannu a ɓarna yana son ta, da wanda aikinsa ya taɓa ta daga nesa ba da sonsa ba. Na farko babu uzurin da zai wanke shi. Na biyu ana duba abu uku: kusancinsa da ɓarnar, da nauyin dalilin da ya tilasta shi, da ko akwai wata hanya da zai iya bi. Idan muka auna da wannan, amsoshin suna fitowa. Yar da tsohon takalmi ba zai rayar da akuyar ba, almubazzaranci kawai zai ƙara. Ya sa shi har ya ƙare, ko ya ba mabukaci. Takalmin aiki da na likita suna kare ƙafar mutum da abincin iyalinsa, ran mutum kuwa yana gaba da alkawarin da ya ɗora wa kansa; ya tambaya ko akwai wani iri, in babu ya sa da kwanciyar rai. A kan gwanjo, masu lamiri biyu suna iya rabuwa: ɗaya ya ce sayensa bai sa an yanka wata dabba ba, ɗaya ya ce ba zai iya taka fata ba ko ta halin ƙaƙa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin lura ma shi ne ƙungiyar da Watson ya kafa ta rubuta a cikin manufarta cewa ƙauracewar gwargwadon iyawa ce da abin da zai yiwu.

Akwai ramuka biyu a gefen wannan hanya. Na farko waswasi ne: mutum ya yi ta binciken gam da zare har barci ya ƙaurace masa, ya soma ganin kowa a matsayin mai laifi, ya kashe a kan takalmi ɗaya abin da zai ciyar da maraya wata guda. A ƙarƙashin waswasi sau da yawa girman kai ne yake ɓuya, wato son a ce hannunmu bai taɓa datti ba. Rami na biyu ya fi kama mu: mu ce tun da ba za a iya tsarkake duka ba, a bar maganar gaba ɗaya. Da irin wannan lissafi ne ma'aikaci yake cewa kowa yana karɓar na goro, ɗan kasuwa yake cewa kowa yana tauye mudu. Rashin iya kome da kome bai taɓa zama izinin ƙin yin abin da ake iyawa ba.

Yaya za mu gane sassauci na gaskiya daga sayar da lamiri? Mai sassauci na gaskiya yana kiran abin da sunansa. Ba ya cewa roba ba ta da illa don kawai ita ya zaɓa. Ya nemi wata hanya tukuna kafin ya ce babu. Yana tsayawa a iyakar abin da larura ta buƙata, idan larurar ta wuce ya koma kan alkawarinsa. Ba ya ɗora nauyin tsarkinsa a kan talaka ko a kan iyalinsa. Kuma abin da ya same shi yana sa shi tausaya wa wasu, domin ya gane cewa laifi tudu ne, kowa yana taka nasa ya hango na wani. Sai mu ƙara da wannan: ana sassauci ne a kan abin da mutum ya ɗora wa kansa da abin da ya taɓa shi daga nesa. Abin da yake mugu a kan kansa, kamar kisan marar laifi ko shaidar zur, babu ciniki a kansa.

Yawancinmu ba za mu bar fata ba, Ikilisiya kuma ba ta ce mu bari ba. Duk da haka akwai abin da za mu ɗauka mu tafi da shi gida. Manomin da yake sa takalmin taya shekara da shekaru, da uwar da take kai takalmin ɗanta wurin baduku a ɗinke shi sau uku, sun fi mai takalma ashirin sauƙaƙa wa halitta nauyi, ko da na ashirin ɗin babu fata a cikinsu. Mu rage saye, mu yawaita gyara, mu biya baduku hakkinsa ba tare da wulaƙanci ba. Mu dubi yadda ake cusa shanu a mota ɗaya a kan ɗaya kwana da kwanaki zuwa Legas babu ruwa, da yadda ake rataye kaji da akuya a bayan babur, da yadda yara suke jibgar jaki; waɗannan suna kusa da hannunmu, kuma a kansu babu wata larura da za mu fake da ita. Idan ɗanmu ya dawo daga ƙasar waje ya ce ba ya sa fata, mu saurare shi da haƙuri. Shi ma ya tuna cewa kuɗin makarantarsa wataƙila daga garken mahaifinsa ya fito.

Manzo Bulus ya ce dukan halitta tana nishi tana jiran fansa (Romawa 8:22). Muddin muna cikin wannan jira, babu kasuwar da za ta sayar mana da cikakken tsarki. Daga alherin Kristi yake zuwa. Abin da aka nema a gare mu shi ne mu zaɓi mafi kyau daga abin da yake yiwuwa, da gaskiya da tawali'u, sauran kuma mu miƙa shi ga jinƙan Allah.

Bari Waliyyai Krispin da Krispiniyan, waɗanda Ikilisiya take tunawa da su ranar 25 ga Oktoba a matsayin majiɓintan masu ɗinkin takalma, su yi roƙo dominmu. Ubangiji ya ba mu lamiri mai rai wanda babu waswasi a cikinsa, ya bi da ƙafafunmu a hanyar salama. Amin.