Malam Aminu Kano da Malami a Ƙofar Mulki

Malamanmu na zaure sun daɗe suna tsoratarwa game da malamin da ke zarya a ƙofar sarki. Ɗalibin da ke Kwalejin Ilimi ta Gumel a yau yana iya cin karo da wannan wata rana, idan aka ce ya ajiye alli ya zo ya karɓi muƙami. Shin mai ilimi ya ci amanar iliminsa idan ya shiga gwamnati? Rayuwar Malam Aminu Kano, Bafulatanin Gyanawa da aka haifa a 1920, ta isa a auna batun. Ya koyar a Midil ta Bauci da kwalejin horon malamai ta Maru, ya bar koyarwa a 1950 ya rungumi jam'iyyar NEPU. Bayan ya yi shekara da shekaru yana caccakar zaluncin hukumar gargajiya ta En'e, sai ga shi a 1967 cikin majalisar Janar Yakubu Gowon, ministan sadarwa, daga baya na lafiya har 1974.

Masu suka suna da hujja mai ƙarfi. Gwamnatin soja ce, babu talakan da ya zaɓe ta, kuma binciken da Janar Murtala ya sa aka yi bayan juyin mulkin 1975 ya samu gwamnoni 10 cikin 12 da laifi. Mutum mai tsabta a irin wannan majalisa, in ji su, farar riga ce da ake rufe dauɗa da ita. Sai dai da kusantar mulki haramun ce a karan kanta, da Annabi Yusuf bai nemi a damƙa masa taskokin Masar ba, alhali sarkin ba a kan addininsa yake ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, duk da ƙyamarsa ga fada, ya amsa kiran Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a Magami ranar idi. Aka miƙo masa zinariya ya ƙi karɓa, ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Ashe abin dubawa shi ne me malami ya roƙa da ya isa gaban mai mulki, kuma wa ya roƙa wa.

A wannan ma'auni Malam Aminu ya tsira. Shekara bakwai yana minista, ya dawo gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mumbayya, ba tare da ya tara abin duniya ba, kuma a nan ya zauna har rasuwarsa ranar 17 ga Afrilu, 1983. Talakawa ma ba su ɗauke shi ɗan amshin shata ba: a 1979 tsohuwar jihar Kano, wadda Gumel ke cikinta a lokacin, jam'iyyarsa ta PRP ta zaɓa. Gaskiya ne bai iya hana ɓarnar gwamnonin Gowon ba, kuma ba za a ɓoye wannan ba. Amma shigarsa halas ce, kuma bai ci amanar allinsa ba.