Sunan Allah A Bakin Mai Gaisuwa

Ya ɗan'uwa mai karatu, sa'ad da Bature ya ke rabuwa da abokinsa ya kan ce Goodbye. Yaranmu na makaranta sun ɗauka, har suna ce wa juna "ba-bai". Amma kaɗan ne, ko cikin Turawan, suka san addu'a ce. A Ingila, wajen shekara ta 1570, cewa a ke yi God be with you, watau Allah shi kasance tare da kai. Yau da gobe baki ya cinye maganar, kamar yadda hannu ke cinye rubutun tsohon kwabo, har sunan Allah ya ɓace daga cikinta, saura amo kaɗai.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Mutanen Ingila na dā, in ransu ya ɓaci, su kan rantse da raunukan Almasihu a bisa gicciye, suka taƙaita shi ya zama Zounds. Abin ya yi yawa har majalisarsu ta kafa doka a shekara ta 1606, cewa ɗan wasan kwaikwayon da ya ambaci sunan Allah da wasa za a ci shi tarar fam goma. Waɗansu kuma suka karkata sunan suna cewa Gosh, ko Gee maimakon Yesu. Ashe Mai ba da doka ta uku cikin Littafin Fitowa, sura 20, za a ruɗe shi da sāke harafi?

Kada mu yi wa Turawa dariya, gama namu bakin ma haka ya ke. "Barka" albarka ce, "madalla" kuwa godiya ce ga Allah. Ka tsaya a kasuwar Kuyello, za ka ji "wallai, wallai" a kan mudun masara, mai faɗi bai ko san ya rantse ba. Kai da ka shiga hanyar Almasihu, faɗi kuɗin kayanka ka yi shiru.

Amma gaisuwa kam, kada ka rage ta, sai dai ka sa zuciyarka ciki. Maƙwabcinka zai bi hanyar dajin Birnin Gwari, inda 'yan fashi suka sha tare matafiya. In ka ce masa "Allah shi kiyaye hanya", ka faɗa a hankali, sa'an nan da maraice ka je ƙofar gidansa ka tambaya ko ya sauka lafiya.