Allo da Takardar Shaida

A bakin Sakatariyar Tarayya da ke Abuja, da kusan ko'ina da ofisoshin gwamnati suka taru, ba a rasa mai injin fotokofi da ƙaramin janareta a gefensa. Matasa ne masu cinikinsa, kowa da ambulan ruwan ƙasa a hammata. A ciki akwai sakamakon WAEC, da takardar digiri, da ta bautar ƙasa, da ta shaidar ƙaramar hukuma. A ɗauki kofi biyar-biyar, sannan a ce masa, "Malam, ka yi min laminetin ɗin asalin." Ya zura takardar a leda, ya tura ta cikin inji, ta fito da ɗumi, ruwa ba ya taɓa ta, gara ba ta cin ta. Saurayi ya karɓa da hannu biyu.

Wanda ya yi makarantar allo ya san abin da ya bambanta. Can, rubutun da yaro ya sha wahala ya yi da tawada, ya biya ya sake biyawa, ranar da ya zauna masa a ka ita ce ranar da malam zai ce ya je ya wanke. Ba wanda ke kukan rubutun da ya tafi, domin abin da ake nema ya riga ya koma cikin yaron. In ana son a san ko ya iya, sai a ce ya karanto, a nan take, gaban jama'a. Manufar a fili take: ya san Ubangijinsa, ya iya sallarsa, ya tashi da ladabi. Abin da zai ci kuwa, gona da kasuwa da sana'ar gidansu ne suka ɗauki nauyinsa.

Boko ya zo da tasa buƙatar. Da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa a 1909, Turawa na neman 'ya'yan sarakuna da malamai da za su riƙe musu littafin haraji da aikin En'e, ko da yake ya haɗa da sashen sana'ar hannu, abin da ake yawan mantawa. Kwalejin Katsina ta 1921 malaman makaranta aka kafa ta ta horar. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk da alli suka fara kafin siyasa. A wancan zamanin takarda ba ta ƙarya. Masu ita kaɗan ne, aiki na jiransu tun ba su gama ba, kuma wanda ya riƙe ta ya iya abin da ta ce ya iya.

Daga nan kowace gwamnati ta ɗora wa makaranta nata burin. Bayan yaƙin basasa, Gowon ya kafa bautar ƙasa a 1973 don ɗan Sakkwato ya san Kalaba. A 1976 aka buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowa, yara suka yi ambaliya fiye da azuzuwa da malamai. Tsarin 6-3-3-4 na farkon shekarun 1980 shi ne ya fi ba ni takaici, domin niyyarsa mai kyau ce: yaro ya gama ƙaramar sakandare da sana'a a hannu. Aka sayo injinan kafinta da na ƙira daga waje, da yawa suka tsufa a cikin akwatunansu, wasu makarantun babu wuta, wasu babu malamin da ya san yadda ake kunna su. Iyaye ma ba su taya ba. Wa zai yarda ɗansa ya riƙe zarto alhali ɗan maƙwabci zai zauna ofis da fanka?

Sai aka wayi gari takardu sun fi kujeru yawa. Ranar 15 ga Maris, 2014, dubban masu neman aikin Hukumar Shige da Fice suka cika babban filin wasa na Abuja, kowa ya biya naira dubu ɗaya kuɗin rajista, a kan guraben da ba su kai dubu biyar ba a duk ƙasa. Aka yi turmutsitsi a ƙofa, mutane suka mutu, a Abuja da wasu garuruwa. Ba na ganin laifin waɗannan matasa. Abin da aka ce su kawo suka kawo. Tun suna aji ɗaya tambayar da ake musu a gida ita ce na nawa suka zo, ba a cika tambayar me suka iya ba.

Canjin da mai fotokofi ke miƙawa ma yana da abin faɗa, in naira ashirin ta shigo ciki. A bayanta akwai Ladi Kwali tana ginin tukunya. 'Yar Kwali ce, a nan cikin Babban Birnin Tarayya, ba ta yi boko ba, a wurin 'yar'uwar iyayenta ta koyi aikin yumɓu. Ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, ta je Ingila da Amurka tana nuna aikinta, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Takarda ce ta biyo ta, bayan tukwanen sun riga sun yi magana.

Hukuma ta fara ganewa, amma a makare. Tun 2012 ake koyar da sana'a a sansanonin bautar ƙasa, har da na Kubwa: ɗinki, haɗa sabulu, kiwon kaji, gyaran waya. Matashin da ya kwashe shekara 16 a aji ake so ya kama sana'a a 'yan kwanaki cikin zaman mako uku, tsakanin fareti da layin abinci. Da yawa daga cikin waɗannan matasa, in sun gama, garejin Apo ko kasuwar katako ta Dei-Dei suke nufa, su durƙusa gaban ubangidan da bai gama firamare ba, su fara daga miƙo sifana.