Ayar Allah a Jikin Kwaɗo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk manomin da ke ƙasar Funtuwa da Malumfashi ya san kukan kwaɗi idan damina ta sauka. Amma kaɗan ne suka tsaya suka yi tunani a kan halittar wannan ɗan taliki, alhali kuwa Allah Ya ambace shi a aya ta 133 ta Suratul A'arafi, cikin ayoyin da Ya aika wa mutanen Fir'auna.

Kwaɗo ba shi da haƙarƙarin da zai buɗa ƙirjinsa, saboda haka da motsin maƙogwaro yake tura iska cikin huhu. Harshensa a gaban baki yake liƙe, domin ya cafko ƙwaro daga nesa, idanunsa kuma sukan lotsa ciki su taimaka wajen haɗiya. Zuciyarsa ɗaki uku gare ta, tana tura jini zuwa huhu da kuma fata, domin ta fata ma yana numfashi muddin tana da danshi. Ko ruwa ba ya sha da baki, ta fatar cikinsa yake tsotsa. Kowace gaɓa tana dogara da 'yar'uwarta bisa ƙaddarawar Mai hikima.

To, a nan ne amana ta hau wuyan manomi. Abin da duk aka zuba a ruwa, fatar kwaɗo za ta kai shi cikin jini, jini ya kai shi zuciya. Wanda ya gama feshin auduga ko masara, ya je ya wanke famfon feshinsa a kududdufi ko fadama ko bakin madatsar Mairuwa, ya shayar da kwaɗi guba, su da suke cinye masa ƙwari ba lada. Ruwan nan kuma shi dabbobi suke sha, shi yara suke wanka.

Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani mai magani ya tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, game da sa kwaɗo cikin magani, sai ya hana kashe shi. Idan an hana saboda magani, ina ga kisan ganganci da sakaci?

Lalle ne manomi ya wanke kayan feshinsa nesa da ruwa, kada kuma ya jefa gwangwanin magani a rafi. Allah Ya sa a gane, Ya ba da damina mai albarka, amin.