Da Kuɗin Wa Zan Tashi?

Daren da mahaifina ya ce zai sayar da fadamarmu, a cikin duhu muka yi maganar, domin mutanen Tsamaye sun koyi rage haske da rage murya da zarar an sallame isha'i. Sati biyu ke nan da dawowata daga bautar ƙasa. Ya kira ni zaure, ya daɗe yana jan casbaha, sannan ya ce, "Na jiya zancen makarantar jirgin ga ta Zariya. In kuɗɗi na, ga fadama nan." Na ce, "Baba, a ba ni lokaci in yi tunani." Wannan rubutu shi ne tunanin da na yi.

Ban san ranar da son jirgin sama ya shige ni ba. Ina dai tune da cewa idan muna kiwon awaki aka ga farin zaren nan da jirgi ke bari a sama, sauran yara sukan yi ta tsalle suna ɗaga masa hannu, ni kuwa tambaya ce ke cina: wane ne a ciki, kuma yaya ya san hanya a wurin da babu turba? Ban ga jirgi a ƙasa ba sai ranar da muka raka kawuna filin jirgi na Sultan Abubakar na Uku a Sakkwato zai tafi aikin Hajji. Wannan tambaya ta kiwo ce ta kai ni Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na karanta Fiziks, inda na gane cewa ƙarfen da ya fi giwaye nauyi yana tashi ne saboda yadda fuffuke ke karkatar da iska. Sanin dalilin bai rage mini mamaki ba ko kaɗan.

Hanyoyin zama matuƙi biyu ne. Ta farko, mutum ya biya wa kansa, ko a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ko a ta Ilorin, ko a wata ƙasa. Zai ci gwajin lafiya mai tsanani na ido da kunne da zuciya, ya nuna ƙwarewa a Turancin da ake magana da hasumiya, ya tara kusan awa 200 a sama kafin a ba shi lasisin tuƙi na kasuwanci. Duk da haka aiki bai ƙare ba, domin kowane nau'in babban jirgi yana da nasa horon da nasa kuɗin, kuma cikakken lasisin da ke ba mutum damar zama kyaftin na jirgin fasinja yana buƙatar awa 1,500. Hanya ta biyu ita ce shirin da ake kira kadet: kamfanin jirgi ya tace matasa da jarrabawa, ya ɗauki nauyin horonsu ko ya tsaya musu a kan rance, su kuma su sa hannu cewa za su yi masa aiki na wasu shekaru har bashin ya fita. Ƙofa ce ƙunƙuntacciya, ba kullum ake buɗe ta ba, masu jiranta kuwa ba su ƙidayuwa.

Mahaifina hanya ta farko yake miƙo mini. Fadamar ba za ta biya ko rabin kuɗin ba, amma ya yi lissafin cewa idan ta tafi, dangi za su ji nauyi su kawo nasu. Abin da bai faɗa ba, ni kuma na sani, shi ne matsayin wannan fadama a gidanmu. Gonakinmu na tudu suna can bakin daji inda ba mai zuwa sai wanda ya shirya wa komai. Fadamar ce kaɗai ke kusa da gari. Albasarta da shinkafarta ke ciyar da mu. Kuma a ƙasar Sabon Birni da Isa ta yau, kowane gida yana da wani abu da ya ajiye a zuciya bai furta ba: abin da za a sayar ranar da aka bugo waya daga daji. Mun ga Mayun 2020, lokacin da aka kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. Mun ga Disambar 2021, da aka ƙone matafiya a cikin mota kusa da Gidan Bawa. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Inda rawani bai tsira ba, wa zai ce hula ta tsira? Fadamar nan, a taƙaice, ita ce kuɗin fansar ƙannena.

To, tambayar ke nan: ya halatta mutum ya gina burinsa da abin da wasu za su fanshi ransu da shi, ko da sun ba shi da hannu biyu?

Na fara da neman hujjar karɓa, kuma ban rasa ba. Na ce kyauta ce, ba ƙwace ba; mai abu ya ba da abinsa. Na ce idan na yi nasara, albashin matuƙi zai sayi fadama goma. Na ce malamai sun koya mana cewa akwai sana'o'in da suke farilla a kan al'umma, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi, kuma alhazan Gobir ma suna buƙatar mai tuƙa su. Tun Nuwambar 1925, da jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka Kano, sama take buɗe a kan ƙasar Hausa; don me ɗan Tsamaye zai ɗauka ba tasa ba ce?

Hujja ta biyu ce ta fara rushewa. A wa'adinsa na biyu, Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya tura matasan Kano 100 ƙasar Jodan suka koyo tuƙin jirgi. Sun dawo da lasisi, amma da yawansu sun daɗe ba su sami kujerar zama ba, saboda kamfanoni suna neman mai awoyi da yawa, awoyin kuma ba sa taruwa sai da aiki. Ga shi kasuwar kanta ba ta da tabbas. Kamfanin ƙasa, Nigeria Airways, ya durƙushe tun 2003, wasu da dama sun bi bayansa. Waɗancan matasa gwamnati ce ta ɗauki asararsu. Ni idan tawa ta zo, wa zai ɗauka? Ƙanwata mai shekara goma sha biyu, wadda ba a tambaye ta ba. Nan hujja ta farko ma ta bi: Baba ne mai fadama a takarda, amma ba shi kaɗai ke rataye a jikinta ba. Yardar uba ba ta zama yardar duk wanda zai biya.

Saura hujjar al'umma, wadda ta fi daɗin faɗi a gaban jama'a. Inna ce ta kwance mini ita ba tare da ta sani ba. Tana tankaɗe na zauna ina yi mata bayani, ina cewa idan na zama matuƙi zan taimaki garinmu. Ta ɗago ta ce, "To, jirgin shina sabka Tsamaye?" Na yi dariya, ita ma ta yi, amma na kwana da maganar. Likita zai iya buɗe ɗakin shan magani a ƙauye, malami zai iya tara yara a gindin bishiya. Matuƙi kuwa aikinsa yana Legas da Abuja da Jidda. Na so in fake da tarihi, in ce ai bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 Gobirawa sun watse, suka kafa Tsibiri, daga baya wasunsu suka dawo suka gina Sabon Birni, saboda haka tafiya da dawowa gadonmu ne. Amma su a ayari suka tafi, da tsofaffinsu da goyonsu. Ni kaɗai zan tafi. Gaskiyar da ta rage bayan na cire ado ita ce: ina son tuƙa jirgi ne domin ina so.

Na daɗe ina jin kunyar wannan jimla, yanzu na daina. Akwai masu ganin cewa a lokacin da ake binne mutane, buri irin nawa rashin ta-ido ne, cewa kamata ya yi in shiga aikin soja ko in zauna a sha wuya da ni. Ina girmama masu wannan ra'ayi, wasunsu abokaina ne da suka zauna. Sai dai na lura cewa ɓarayin daji ba shanu da hatsi kaɗai suka kwashe ba. Sun rage tsawon tunaninmu, har yaro ya daina cewa "idan na girma", ya koma cewa "idan mun kai kaka". Idan na kashe burina don kawai ya yi wa halin da muke ciki girma, na biya su wani harajin da ba su ma nema ba. Burin ba shi da laifi. Laifin yana wurin wanda za a ɗora wa kuɗinsa.

Shi ya sa shirin kadet, wanda wasu ke kushewa da cewa sayar da kai ne, ya fi kwanta mini. Na san aibinsa. Wanda ya ɗaure kansa shekaru ba shi da bakin ƙin albashi kaɗan, ba shi da ƙafar tafiya idan an ƙuntata masa, kuma a wasu yarjejeniyoyin wanda ya faɗi a tsakiya yana fita da bashi babu lasisi. Amma abin da ake jinginarwa a can ƙuruciyata ce, ita kuwa tawa ce. Sharaɗi ɗaya na gindaya wa kaina: duk takardar da ta nemi a kawo gona ko gida a matsayin jingina, ba zan sa mata hannu ba, ko da ita ce ta ƙarshe.

Da na gaya wa Baba, bai ji daɗi ba. Ya ce, "Kana gani kamar ban iya ba." Na ce, "Baba, kun iya. Ni ne ba zan iya ɗauka ba." Bai amsa ba, ya tashi ya shiga cikin gida, kuma kwana uku gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Na nemi shirin wani kamfani, na ci jarrabawar lissafi, na faɗi a gwajin na'urar kwaikwayon tuƙi. Yanzu ina koyar da Fiziks a wata sakandare a Sakkwato, ina tara kuɗin sabunta gwajin lafiya, ina jiran a sake buɗe ƙofa kafin shekaruna su wuce iyakar da suke sawa. Ranar da zan koma bakin aiki bayan hutun da ya wuce, Baba ya rako ni tasha. Muna jiran motoci su taru a tafi a jere ta hanyar Goronyo, ya miƙo mini ƙullin leda. Albasa ce, sabuwar cira. Ya ce in kai wa mai gidan da nake haya, sannan ya tambaye ni ko na'urar nan da ta kayar da ni ana samun inda ake koyonta.