Shin Ƙaramin Biki Abin Kunya Ne?

Idan saurayi ya tashi neman aure, alhali kuwa abin hannunsa kaɗan ne, ba abin da ya kan dame shi kamar bakin mutane. To, shin kunya ce mutum ya yi biki gwargwadon ƙarfinsa?

Mai hankali ya kan fara da rarrabe wajibi da al'ada. Abin da shari'a ta nema shi ne waliyyi, da shaidu biyu, da siga, da sadaki, wanda mafi ƙarancinsa a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne, ko dirhami 3. Amma yawan kayan lefe, da gara, da kyautar maroƙa, duk al'ada ce. Ana iya rage su idan magabatan ango da na amarya suka zauna tun da wuri, kowa ya faɗi iyakar ƙarfinsa.

Wanda ya jinginar da gonarsa don a yabe shi kwana bakwai, masu yabon za su watse su bar shi da amarya da rumbu wayam. Nan ne kunya ta ke. Hausawa dai sun ce, daidai ruwa daidai tsaki.