Tsohon Ciwo da Sabon Rauni: Gaskiya Wajen Neman Diyyar Haɗarin Mota

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai raunatawa Mai warkarwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, wani bawan Allah ya same ni bayan sallar La'asar da tambaya. Motar da ya shigo ta kife a hanyar Ƙonni zuwa Maraɗi, ya bugu a baya, alhali ya shekara da shekaru yana fama da ciwon baya. Danginsa sun ba shi shawara ya ɓoye wa likita tsohon ciwon, domin kuɗin da za a biya shi su yi kauri. Ya ce: "Malam, ko ya halatta?" Amsar da na ba shi ita ce na ga ya dace in shimfiɗa a nan.

Ku sani shari'a ba ta zubar da jinin kowa a banza ba, ko da kuskure ne. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kisan kuskure. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya kawo a Risala cewa cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa, kuma ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke, domin a ga abin da ya bari a jiki.

To, yaya hukuncin gaɓar da dama can ba ta da lafiya? Shaihu Halil ya fayyace shi a Muhtasar. Idan ido ko ƙafa mai rauni ce tun halitta, wanda ya lalata ta zai biya kamar ya lalata lafiyayya. Idan kuma wani ne ya raunata ta a baya har mai ita ya karɓi diyya, ba za a biya shi yanzu ba sai gwargwadon abin da ya saura na amfaninta. Hannun da ya riga ya shanye ba shi da cikakkiyar diyya, sai alƙali ya kimanta. Mai ido ɗaya kuwa, idan aka tsiyaye masa lafiyayyen, a mazhabar Imamu Malik cikakkiyar diyya ake ba shi, domin ganinsa duka ne ya tafi. Ma'aunin ke nan: a biya mutum abin da aka raba shi da shi, ba ƙari ba ragi.

A ƙasarmu Nijar, dokar inshora ta CIMA, wadda ta fito daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995, ta tilasta wa mai mota yin inshora saboda waɗanda zai iya raunatawa. A ƙarƙashinta likita ne ke auna nakasar da haɗari ya haifar, kuma bisa rahotonsa ake lissafin kuɗi. Ashe ke nan maganar da ka faɗa wa likita shaida ce, kuma aya ta 283 a Suratul Baƙara ta ɗora zunubi a zuciyar mai ɓoye shaida.

Wasu na cewa: "Ai kuɗin kamfani ne, ba na kowa ba." Wannan ruɗin Shaiɗan ne. Dukiyar kamfani daga aljihun direbobi da masu motoci ta taru, kuma aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna da ƙarya. Hadisin Ummu Salama, Allah ya yarda da ita, ya nuna cewa wanda ya ci shari'a da iya baki, yankin wuta ne aka yanka masa. Hatimin likita ba ya mayar da haram halal.

Haka kuma zalunci ne direba ko wakilin kamfani ya ce: "Dama can majinyaci ne," don ya tauye masa hakki. Mutumin da ke noma gonarsa da ciwon baya, haɗari ya kwantar da shi, an raba shi da abincin iyalinsa. Ƙarin da haɗari ya yi wa tsohon ciwo, hakkinsa ne a biya shi.

Saboda haka na ce wa mai tambaya: ka tattara takardunka na asibiti na da, ka kai wa likita da hannunka. Ka faɗa masa abin da kake iyawa kafin haɗarin da abin da ya gagare ka bayansa. Kada ka yi gaggawar sa hannu a takardar sulhu kafin ciwon ya tsaya. Sannan ka nemi hakkinka ba tare da kunya ba. Kaɗan mai albarka ya fi mai yawa da za a tuhume ka a kansa ranar da gaɓoɓin da ka yi ƙarya da sunansu za su yi shaida.

Ya Allah ka tsare matafiyanmu, ka ba majinyatanmu lafiya, ka wadatar da mu da halal. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.